Ruwan Kurkure Baki na Benzidamin da Ciwon Ganɗa: Abin da Ya Yi Mini da Abin da Bai Yi Ba

Ciwon ya fara mini ne wata safiya, lokacin da na haɗiyi yawu sai na ji wani raɗaɗi mai kama da ƙuna a ganɗata, wato rufin baki, can baya kusa da beli. Ban ƙone da abinci mai zafi ba, haƙorana lafiya lau, ba mura ba zazzaɓi, kuma da na buɗe baki a gaban madubi na haska da fitilar waya, ban ga komai ba sai ɗan ja-ja. A kwana na uku, har ruwa sai na yi shiri kafin in haɗiye shi, shi ya sa na je kantin magani, inda mai harhaɗa magani ya ba ni ruwan kurkure baki mai ɗauke da sinadarin benzidamin.

Ruwa ne kore mai ƙamshin na'a-na'a, ƙarfinsa kashi 0.15 cikin ɗari, kuma yana cikin rukunin magungunan da ke rage kumburi da zafi, sai dai shi a wurin da ya taɓa yake aiki. Ana auna mililita 15, a kurkure baki da maƙogwaro na kusan daƙiƙa 30, sannan a tofar, ba a haɗiyewa. Takardar da ke cikin kwalin ta ce ana iya maimaitawa duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa uku, kuma kada a wuce kwana 7 ba tare da ganin likita ba. Ba a ba ƙananan yara wannan nau'in na ruwa.

Gaskiya maganin yana aiki, kuma aikinsa ba ya jinkiri. Da farko yana ɗan yi wa wurin zugi, musamman idan fatar ta riga ta yi tsami, amma cikin minti biyu zuwa uku sai harshe da ganɗa su yi dundum kamar an shafa musu maganin kashe zafi na likitan haƙori. A cikin wannan tazarar nake samun damar cin abinci kamar kowa. Da zugin ya dame ni sai na riƙa surka shi da ruwa daidai wa daida, kamar yadda takardar ta yarda, kuma hakan bai rage masa amfani sosai ba. Sauƙin ba ya daɗewa, domin bayan awa biyu ko ƙasa da haka raɗaɗin yakan dawo, sannan ɗanɗanon abinci yana dushewa muddin bakin bai farfaɗo ba. Wanda na samu yana da ɗan sinadarin barasa a cikin abubuwan da aka haɗa shi da su, don haka mai bushewar baki ko mai gudun wannan sinadarin ya karanta jikin kwalbar kafin ya saya.

Inda na yi kuskure shi ne, sauƙin da nake samu ya sa na daina tambayar kaina abin da ya kawo ciwon. Sai da kwana 7 suka cika ciwon yana nan daram, sannan na je wurin likita. Ta danne harshena da ɗan katako, ta haska, ta nuna mini wasu fararen ɗigo a bayan ganɗar waɗanda madubina bai kai gare su ba. Tambayarta ta farko ita ce ko ina amfani da abin shaƙa na asma mai sinadarin sitiroyid, na ce ƙwarai kuwa, ta sake tambaya ko ina kurkure baki bayan na shaƙa, na yi shiru. Ashe ƙwayar fangas ce da ake kira kandida, wadda takan samu sarari idan ragowar maganin shaƙar ya zauna a baki, haka kuma takan kama masu ciwon suga da waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Benzidamin ba ya warkar da wannan, rufe zafin kawai yake yi. Ta rubuta mini nistatin, wato maganin kashe fangas, cikin 'yan kwanaki haɗiya ta koma daidai, ta kuma ja mini kunne cewa duk gyambo ko tabo a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba, dole ne a duba shi.

Wanda ya san musabbabin ciwonsa, kamar ƙunar abinci ko ɗan ƙurjin baki da ke warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, zan ba shi shawarar ya sayi wannan ruwan ba tare da wata shakka ba. Ni kaina na sake ɗauko ragowar kwalbar bayan 'yan watanni, sa'ad da wani ɗan ƙurji ya fito mini a cikin leɓe, na yi kwana huɗu ina kurkurawa kafin cin abinci har ya bushe.