Sharhi kan cibiyar masu amai da zawo: ƙarin ruwa ya yi, tsaron mai jinya da saura

Cibiyar da wannan sharhi ya shafa tana cikin harabar wata likita a gefen garin Maraɗi, irin wadda ake kafawa da tantuna idan kwalara ta ɓulla da damina. Na zauna da maras lafiya a cikinta har aka sallame shi. Wajen ceto wanda aka kawo ranga-ranga, aikinsu abin yabo ne. Wajen kare mai jinya da ya shigo da ƙafafunsa kada ya fita da cutar kuwa, akwai babban gyara, kuma nauyin yana wuyan likitar.

Cutar ba baƙuwa ba ce a nan. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a yankin Madarumfa, ta wajen iyaka da Jibiya, kafin ta lafa ta kama mutum sama da 3,800 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo ta haura 5,000. Duk shekarar da Gulbin Maraɗi ya cika ya haɗa masai da rijiyoyi, an san abin da ke tafe, don haka babu likitar da za ta ce an shammace ta.

Karɓar maras lafiya ita ce inda suka fi ƙwarewa. Babu zancen kati ko kuɗi kafin a duba mutum. Malamin lafiyar da ke bakin tanti yana taɓa bugun jini a wuyan hannu, ya dubi zurmawar ido, ya tsunkuli fatar ciki ya ga ko za ta koma da wuri, ya gwada ko mutum na iya sha. Wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai, ruwan Ringer ake ɗaura masa ta jijiya nan take, mililita 100 a kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan za a ɗaura masa lita 6: kusan lita 2 a rabin awar farko, sauran a awa biyu da rabi. Jaririn da bai kai shekara ba, awa shida ake ja masa. Sun sa allura mai kauri, wani lokaci hannu biyu, suna rubuta lokacin ɗaurawa a jikin ledar. Ban ga an ɗaura wa kowa ruwan sukari zalla ba, wanda wasu masu shagon magani ke yi a unguwa, alhali ba ya mayar da gishirin da zawo ya kwashe. Mai iya sha kuma SRO, wato ruwan gishiri da sukari na ƙulli, ake ba shi, mililita 75 a kowane kilo cikin awa huɗu. Idan ya yi amai a dakata minti goma, a ci gaba da kurɓi-kurɓi. Da irin wannan aiki ne mace-mace ke sauka ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari.

Da dare ne lamarin ke sassautawa. A farkon ƙarin ruwa ana so a sake duba mutum duk minti 15 zuwa 30, amma idan malami ɗaya ya rage a tanti cike, leda takan ƙare babu wanda ya lura, jini ya hau igiya ya daskare, a koma neman jijiya a hannun da ya riga ya bushe. Kishiyar wannan ta fi ba ni tsoro, wato ruwa ya yi wa yaro yawa. Alamarsa kumburin fatar ido, tari da saurin numfashi. A jiharmu, inda tamowa ke tsananta daidai lokacin da kwalara ke zuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne: yaro mai tamowa fatarsa da idonsa suna kama da na wanda ruwa ya ƙare wa ko da bai ƙare ba, zuciyarsa kuma ba ta ɗaukar ruwa da gudu. Uwa ba za ta iya lissafin ɗigo ba, kuma bai kamata a bar mata shi ba.

Sai kulorin. Cibiya irin wannan tana tafiya ne da haɗi uku. Da garin kulorin da ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, cokalin miya ɗaya, gram 15, a lita 20 yana ba da 0.05% na wanke hannu. Cokali huɗu a lita 20 yana ba da 0.2% na ƙasa, gadaje, tufafi da kwanoni. Cokali biyu a lita ɗaya tak shi ne 2%, na zawo, amai da gawa. Biyun farko kullum ake sabunta su, a roba mai murfi, a inuwa, ba a ƙarfe ba, domin kulorin na cin ƙarfe, rana kuma na kashe ƙarfinsa. Abin da na tarar: jarkoki iri ɗaya, wasu babu rubutu, wasu a tsakar rana. Haɗarin a fili yake, musamman idan bokitin SRO yana kusa da su kuma mai ɗiba ba ya karatun boko. Fenti kala uku a murafe zai raba gardama. Ruwan kulorin na taka ƙafa da ke bakin ƙofa kuwa, da hantsi ya zama laka, kuma laka na cinye kulorin nan da nan, sai a yi ta takawa ana zaton an tsarkaka.

Gadajen daidai suke: leda mai kauri, rami a tsakiya, bokiti a ƙasa, wani a gefen kai don amai. Amma bokitin ana so a zuba masa 2% kamar kaurin yatsa kafin a ajiye, kuma mai zubarwa ma'aikaci ne mai safar hannu, rigar leda da takalmin roba. A can, idan ya cika, mai jinya ce ke ɗauka hannu tsirara, ta dawo ta dama fura da hannun. Wannan shi ne aibi mafi girma da na gani, domin zawon nan mai kama da ruwan wankin shinkafa cike yake da ƙwayar cutar.

Dubiya al'adarmu ce mai kyau, amma a nan mutum ɗaya ya kamata ya zauna da maras lafiya. Mai gadin rana yana tsare wannan, yana fesa ƙafa, yana sa a wanke hannu. Bayan magariba ƴan uwa kan shigo da kwanon tuwo, kwanon ya koma gida ba a tsoma shi a kulorin ba. Ruwa bai yanke ba, wannan kam a yaba. Ƙa'ida lita 60 ce ga maras lafiya a yini, 15 ga mai jinya, kuma na ga ana auna ragowar kulorin a tanki, wanda bai kamata ya gaza miligiram 0.5 a lita ba. Sai dai masai ɗaya ne da buta ɗaya ga masu ciwo da masu jinya.

Inda aka yi rashi, sun kyauta. An wanke gawar da haɗin 2%, an toshe kafofi da auduga, an bar malamin addini da mutum biyu na dangi sun tsaya sanye da safar hannu, an yi sutura ba tare da an kai gida ba.

Wajen sallama an ba da SRO, an ce kowane ƙulli a lita ɗaya, a zubar da abin da ya kwana ya wuce awa 24; yara an haɗa musu da maganin zinc na kwana goma. Ba a ce komai ba kan tabarma da zannuwan da aka bari a gida. Waɗannan a jiƙa su minti goma a haɗin 0.2% ko a tafasa su, a wanke da sabulu, a shanya a rana, kuma kada a kai su bakin Gulbi ko tabki.