CT ko MRI ga yaro mai cutar tuberous sclerosis?

Iyaye daga Agege da Idi-Araba a Legas sun sha tambayata wane hoton ƙwaƙwalwa za su yi wa yaro mai farfaɗiya da fararen tabo a fata, bayan likita ya ambaci wannan cuta ta ƙwayoyin halitta.

CT ya fi araha, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Yana fito da ƙululun da suka taurare da alli sarai. Sai dai hasken eksire ne, ba a so a riƙa maimaita wa yaro.

MRI ba shi da wannan illa. Shi ke nuna tabon da ke saman ƙwaƙwalwa, da wani ƙari da ake kira SEGA mai iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. A injin guda ake yin MRS, awon sinadaran ƙwaƙwalwa, inda wani sinadari mai suna NAA kan ragu a wurin tabon. Amma akwai tsada, ga ƙara kamar injin markaɗe. Ƙaramin yaro ba zai kwanta rabin awa bai motsa ba, sau da yawa sai an ba shi maganin barci.

Yaron da ya tashi da amai da matsanancin ciwon kai da tsakar dare, CT ya fi kusa. Bibiyar ƙwaƙwalwar yaron duk shekara 1 zuwa 3 har ya kai 25 kuwa, aikin MRI ne.