Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa: shafin canza fayil ko manhajar kwamfuta, wanne ya fi?

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, kace an turo maka lissafin kaya ta imel amma abin da ka tarar a maƙale sunansa winmail.dat, ka canza masa suna zuwa .xls Excel ya buɗe maka wasu haruffa marasa kan gado, yanzu kana so ka san ko ka ɗora shi a irin shafukan nan na intanet masu canza fayil ko kuma ka nemi manhaja ka saka a kwamfuta.

Toh kafin mu kwatanta su, tsaya tukuna. Canza suna baya canza abin da ke ciki. Wutsiyar nan ta ƙarshen suna, .xls ko .dat ko .csv, lakabi ce kawai da ke gaya wa kwamfuta wace manhaja zata kira, kamar ka ɗauki ambulan ka rubuta "tebur" a bayansa ne, ambulan dai yana nan ambulan. Kuma winmail.dat ambulan ne na gaske. Outlook, manhajar imel ta Microsoft, ita ce ke yin sa idan mai turowa ya rubuta saƙon da tsarin Rich Text, sai ta tattara adon rubutun da duk abin da aka maƙala ta ƙunshe su a wani tsari na Microsoft da ake kira TNEF, idan kaima da Outlook ka karɓa bazaka ma san anyi haka ba domin shi zai kwance kayansa da kansa, amma idan wata manhajar imel ce daban sai kaga ƙunshin kawai. Kenan teburin da kake nema ba sai an ƙirƙiro shi ba, yana ciki, ciro shi za'ayi.

Abin da zan so ka fara yi, kuma ko minti 2 bazai ɗauke ka ba: yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali gefe, sai ka buɗe kwafin da Notepad ka kalli haruffan farko kawai. Idan ka ga PK a farko to fayil ne irin na zip, kuma xlsx da docx da ods duk zip ne a ciki, a nan ne kaɗai canza wutsiya zuwa .xlsx zai iya yin aiki idan dama teburin Excel ne aka ɓata masa suna a hanya. Idan ka ga %PDF to PDF ne. Idan ka ga rubutu da kake iya karantawa, sunaye da lambobi an raba su da waƙafi ko waƙafi mai ruwa, to csv ne ya sa rigar wani. Idan kuma shirme ne amma can ciki ka hango IPM.Microsoft Mail.Note, to ambulan ɗin Outlook ne tabbas. Ka duba nauyinsa ma, wanda bai wuce 'yan kilobait ba sau da yawa adon rubutu ne kawai a ciki, babu wani tebur, kada ka wahalar da kanka.

Yanzu ga kwatancen da ka nema. Shafin intanet ya fi sauri, wannan ba musu, baka saka komai a kwamfuta ba, ko a waya yana yi, ka ɗora ka jira kaɗan ya jero maka abin da ke ciki ka sauke. Amma ka tuna abin da ka ɗora. Ba teburin kaɗai ba ne, ambulan ɗin yakan ɗauki rubutun saƙon ma, duk ka miƙa wa kwamfutar wasu mutane da baka san su ba, sun ce zasu goge bayan wani lokaci amma kai baka da hanyar tabbatarwa. Idan jadawalin da kowa zai iya gani ne ba damuwa. Idan akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu ko albashi ko lambar asusu, wallahi ni bazan ɗora ba, amanar mutane ce a hannunka ba taka kai kaɗai ba. Manhajar kwamfuta kuma tana buƙatar ka sauke ka saka, a wasu ofisoshin ma sai ka nemi izini, amma fayil ɗin baya barin na'urarka kuma gobe idan wani ya sake zuwa danna biyu ne kawai. A Windows akwai Winmail Opener, a Mac akwai TNEF's Enough, masu Linux suna da ƙaramin umarni mai suna tnef, masu manhajar imel ta Thunderbird kuma akwai ƙari mai suna LookOut da ke kwance shi tun a cikin akwatin saƙo. Tsakanin biyun ni manhaja zan zaɓa.

Sai dai akwai hanya ta uku da baka ambata ba kuma ta fi su duka, wato ka koma wurin wanda ya turo. Ka ce masa ya shiga File, Options, Mail a Outlook ɗinsa ya mayar da tsarin rubuta saƙo daga Rich Text zuwa HTML, sannan ya goge adireshinka daga waɗanda ke faɗo masa da kansu idan ya fara rubutawa ya sake buga shi da hannu, domin wani lokaci tsohon saitin yana maƙalewa a nan. Mutane suna jin nauyin cewa a sake turo musu abu, alhali shi mai turowar bai ma san abin da ke isa wurinka ba, a wurinsa komai lafiya lau yake gani, kuma ba kai kaɗai yake turawa haka ba.

To a ce ka ciro abin da ke ciki. Idan xlsx ne shikenan an gama. Idan csv ko txt ne, a nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba, shi yasa zan ɗan daɗe a kai.

Danna csv sau biyu Excel ya buɗe shi da kansa shi ne mafi sauƙi kuma shi ne mafi haɗari. Tsohon Excel baya tambayarka komai, zato yake yi. Lambar da ta fara da sifili, kamar lambar waya ko lambar kaya 00457, sai ya cire sifilin ya bar maka 457. Lamba mai tsawo sai ya nuna ta da E+ a tsakiya, kuma abin da yafi muni shi ne lambobi 15 kawai yake riƙewa, idan lambar asusu ko ta kati mai 16 ce ta ƙarshen sifili zata koma, kana danna ajiyewa kuwa ta tafi kenan sai dai ka koma ga fayil na asali, kaga amfanin kwafin da nace kayi. Kwanan wata ma haka, 03/04/2024 wani ya rubuta da nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka ta karanta shi 4 ga Maris. Ga kuma matsalar haruffanmu masu ƙugiya, idan da tsarin haruffa na UTF-8 aka ajiye fayil ɗin amma Excel ya karanta shi da tsohon tsarin Windows sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, duk sunan da ke da su ya lalace. Idan kuma waƙafi mai ruwa aka yi amfani da shi wajen raba bayanan, kamar yadda ake yi a Jamus da Faransa saboda su waƙafi suke sawa a tsakiyar lamba, sai kaga komai ya cunkushe a layin tsaye guda ɗaya.

Excel ɗin dai yana da ƙofa mai kyau, mutane ne basa bi ta nan. Buɗe sabon shafi babu komai, je Data, zaɓi From Text/CSV, a wurin File Origin ka sa 65001 wato UTF-8, ka zaɓi alamar da ta raba bayanan, sannan ka ce kada ya gano nau'in bayanai da kansa. Zaka ga samfuri kafin ka amince. LibreOffice Calc kuwa, wanda yake aiki irin na Excel amma kyauta ne, abin da nake so da shi shi ne baya buɗe csv sai ya fito maka da tagar tambaya, ka zaɓi tsarin haruffa, ka zaɓi mai rabawa, ka danna kan layin tsayen da ke da lambobin waya ka ce masa Text ne, kana gani a ƙasa yadda zai fito. Ga wanda bai saba ba gaskiya wannan ya fi kare shi daga kuskure, tunda ba sai ya san wata ɓoyayyar ƙofa ba. Google Sheets yana tsakiya, yana karanta haruffanmu lafiya kuma ya fi dacewa idan a waya ka karɓi saƙon ko kuna aiki ku da yawa a kan tebur ɗaya, amma a wurin Import akwai wani ɗan akwati na mayar da rubutu zuwa lambobi da kwanan wata, sai ka cire masa alama in ba haka ba shima zai cinye maka sifili, kuma ka sani nan ma ɗorawa kayi a intanet, sai dai aƙalla asusunka ne.

Idan fayil ɗin babba ne sosai ka lura da iyaka. Tsohon xls layi 65,536 kawai yake ɗauka, xlsx da ya zo da Office 2007 yana kaiwa 1,048,576, Google Sheets kuma gida, wato ƙaramin akwatin tebur, miliyan 10 ne iyakarsa. Saboda haka idan ka gama gyara ka ajiye a xlsx, kada ka mayar da shi csv domin buɗewa ta gaba matsalar sifili zata dawo sabuwa.

PDF ba zan ja shi ba. Idan kana iya zaɓar rubutun da linzami to Excel na Microsoft 365 a Windows yana da From PDF a ƙarƙashin Get Data, akwai kuma Tabula kyauta da aka yi ta musamman don ciro tebur. Idan hoton takarda ne aka ɗauka to sai manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, kuma ita tana rikita 0 da O, 1 da l, dole ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ko ka haɗa jimilla ka gwada da ta jikin takardar. Fayil mai wutsiyar .numbers na masu Apple ne, mai shi ya fitar maka da shi a matsayin Excel daga can ya fi komai sauƙi.

Abu ɗaya da bana so ka manta ɗan'uwa, duk wannan idan ka san wanda ya turo ne kuma kana jiran saƙon. Idan abin da ka ciro daga ambulan ɗin ya ƙare da .exe ko .js, ko teburin ya buɗe yana roƙonka ka danna Enable Content kafin ka ga lissafin, rufe shi ka kira mutumin a waya ka tambaye shi ko shi ya turo. Ka buɗe kwafin da Notepad yanzu ka faɗa min haruffan farko da ka gani da nauyin fayil ɗin, kada ka turo fayil ɗin kansa, daga nan zan gaya maka wacce daga cikin hanyoyin nan ce taka.