Wata huɗu ina zuwa gashin ƙashi: yadda na samu wata cibiya a Kano

A wasan ƙwallon safiyar Lahadi, irin wanda magidanta ke yi domin rage tumbi, na kafa ƙafar dama zan juya sai na ji gwiwata ta yi ƙara, kafin azahar kuwa ta kumbura suntum. Na ɗauka targaɗe ne, har mai ɗori ya ja ta sau biyu. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, domin ba ya kama jijiya. Sai da aka yi MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi, likita ya ce jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda suke kira ACL, ita ce ta tsinke. Bayan tiyata aka tura ni wata cibiyar gashin ƙashi mai zaman kanta.

Kalmar gashi ta sa na zaci kwanciya zan riƙa yi ana haska mini fitila mai zafi, ashe aikin wahala ne. A ranar farko ma'aikacin ya auna iya lanƙwasar gwiwar da wani ma'auni na roba ya rubuta a katina, sannan ya naɗe tawul ya sa a ƙarƙashin diddigena, ya ce in danna gwiwar ƙasa in ƙirga goma. Cinyar ta rame har na ji kunyar kallonta, kuma ban kai biyar ba gumi ya keto mini. Da na tambayi fitilar, sai ya ce, "Malam, naman cinyar nan shi zai riƙe maka gwiwa, fitila ba ta gina tsoka." Daga nan aka bi da ni daki-daki: ajiye sanduna, keken motsa jiki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, har ranar da na iya zaman tahiya ba tare da kujera ba. Mata suna da ɗakinsu da ma'aikaciya mace, abin da ya burge ni.

Amma inda cibiyar ta fi yi mini rana shi ne wajen takarda. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya kwana 12 na aiki kawai ya tabbatar wa ma'aikaci na hutun rashin lafiya da albashi a shekara, shi ma sai da shaidar likita, alhali wannan rauni watanni yake ci. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, raunin da aka ji a bakin aiki ta shafa, filin ƙwallon unguwa ba ya ciki. Ni kuwa aikina kula da sito ne, hawa da sauka dukan yini. Duk ƙarshen wata ma'aikatan cibiyar sukan rubuta rahoto in haɗa da takardar likitan da ya yi mini aiki, suna fayyace abin da zan iya da wanda ba zan iya ba, kuma da wannan ne kamfaninmu ya yarda na koma aikin tebur a mako na 11 maimakon a nemi wani.

Akwai gyara. Ana ba mutum ƙarfe tara amma sai goma ta wuce yana kan benci, kuma idan aka ɗauke wuta ba a cika gaggawar tayar da janareta ba. Kuɗin kowane zama a hannu ake biya, ba sa karɓar inshorar lafiya, babu kuma rangwame ga mai zuwa sau uku a mako, wanda ga mai rabin albashi ba ƙaramin nauyi ba ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matakala uku a bakin ƙofa, ba gangara, a wurin da rabin masu zuwansa da sanduna suke tafiya.

Duk da haka zan tura ɗan'uwana can, muddin zai yi atisayen da ake ba shi na gida. Ƙwallo kuwa sun ce kada in kusance ta sai an cika wata tara da tiyata, shi ma sai sun gwada ƙarfin ƙafar tukuna.