Jimnastik ko lesin? Amsa ga Maman biyu

Salamu alaikum. Maman biyu, tun jiya da daddare na ga tambayarki, aka ɗauke wuta wayata kuma ba caji, shi ya sa sai yanzu. Kin ce macen a cikin 'yan biyunki shekararta 7, ba ta iya zama wuri ɗaya, kujera ta hau, taga ta hau, alkafura a kan gado har ta karya muku katako, lissafinta kuma ya ja baya a zangon da ya wuce, ga makarantarsu ta kawo jimnastik, wato wasan motsa jiki na alkafura da tsalle-tsalle, sau biyu a sati bayan an tashi, kuɗin hannunki kuma na abu ɗaya ne, ko shi ko malamin lesin. Toh ni duka biyun na taɓa, babbar 'yata lesin na yi mata, mai bi mata kuma shekara uku tana jimnastik, bari in jera miki su yadda na gani.

Maganar maki tukuna, tunda ita ce ta hana ki barci. In dai akwai wani gurbi takamaimai, misali ba ta gane ɗebewa mai aro ba ko ba ta haddace sau ba, lesin ne maganinsa, kar wani ya ruɗe ki. Jimnastik ba ya koyar da bakwai sau takwas. Babbar tawa wata biyu da samun malami mai haƙuri ta tashi daga jan biro, wannan kam na gani da idona. Amma lesin yana aiki ne ga yaron da zai zauna ya saurara, taki kuma zaman ne matsalar. Ki lissafa mata ranarta mana, boko tun safe har ƙarfe biyu, ta ci abinci a tsaye, islamiyya huɗu zuwa shida, sannan ki ce bayan magariba ta sake zama gaban wani malamin? Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsa jiki mai sa zufa, mu kuma nan Legas ina filin yake, gidan haya ɗaki da falo, tsakar gida an cika da janareto da igiyar shanya, titi ga keke ga okada. Ƙarfin da bai samu mafita ba shi ne yake fitowa a cikin aji.

Abin da jimnastik ya yi wa tawa ta bayan fage ya biyo. Ranar da ta yi tirenin, ƙarfe takwas da rabi ta yi barci, ba roƙo ba faɗa, da safe ta tashi garau. Sannan koci yakan ba su umarni uku huɗu a jere, ki ruga, ki dafa nan, ki juya, ki dira ƙafa a haɗe, wadda ba ta saurara ba ita za ta sha ƙasa, ba sai an duke ta ba. Ga jiran layi, yara goma katifa ɗaya dole ki tsaya sai naki ya zo. Malamar ajinsu ce ta fara ce min yarinyar ta daina tashi tsakiyar darasi, makin kuma sai a zango na biyu ya ɗan motsa, ba wani tsalle ya yi ba gaskiya, daga tsakiya ta dawo sama da tsakiya.

Inda na fi ganin bambanci shi ne hali, kuma nan ne nake ganin lesin bai kama ƙafar jimnastik ba. A lesin kuskure abin kunya ne, yaro ya ga jan biro ya ɓoye littafi. A jimnastik faɗuwa ita ce aikin. Tawa ta fi wata uku tana neman tsayuwa a kan hannu, kullum ta kife, ta tashi ta kakkaɓe ta koma, ran da ta tsaya ta ƙirga biyar wallahi har maƙwabta sai da suka ji ihunta. Akwai wani katako da mata ke tafiya a kai, faɗinsa santimita 10 ne kacal, kusan faɗin tafin hannunki, tsawonsa mita 5, na manya ana ɗaga shi sama da mita ɗaya amma yara a ƙasa suke farawa. Yarinyar da ta koyi danne tsoro ta taka wannan, ɗaga hannu a aji ta ce malama ban gane ba ba zai gagare ta ba. Babbar tawa mai lesin, da duk makinta, har yau in an ce ta fito gaban aji sai cikinta ya murɗa. Halitta ma akwai, ban ce duka daga wasan ba ne.

Sai dai fa jimnastik iri biyu ne, nan ne ni na yi kuskure. Akwai na sau ɗaya ko biyu a sati, awa ɗaya a tashi, akwai kuma na gasa wanda ke cin yaro gaba ɗaya. Wasan nan mata da yawa da ƙuruciya suka kai ƙololuwarsa, Nadiya Komanechi ta Romaniya shekararta 14 lokacin da ta ci maki 10 cif, wato cikakken maki, a gasar Olamfik ta 1976, daga baya ne aka mayar da mafi ƙarancin shekarun mata a manyan gasa 16. Simon Bayils ta Amurka tana shekara 6 ta fara, da abin ya yi nisa barin zuwa makaranta ta yi ta koma karatu a gida don ta samu awannin tirenin. Ba wai ba a haɗa shi da boko ba ne, Uche Eke, ɗan Najeriya na farko da ya yi jimnastik a Olamfik, ta Tokiyo da aka yi a 2021, wanda kuma ya ci zinare a wasannin Afirka na 2019 a Rabat, jami'ar Mishigan ya yi yana wasan yana karatu, amma can makaranta da wurin tirenin a haɗe suke. Mu da koci ya ce yarinyar tana da baiwa mu dinga kawo ta wani wuri ta wajen Surulere kwana huɗu a sati, kai ya kumbura na yarda. Daga Agege mu bi Oshodi mu bi Mushin mu faɗa Ojuelegba, dawowa cikin gosulon yamma, yarinya tana gyangyaɗi a danfo, aikin gida sai ƙarfe goma, yaro mai shekarunta kuma awa 9 zuwa 12 na barci likitoci ke cewa ya samu. Zango ɗaya makin ya zube, haddarta ta islamiyya ta tsaya cak, babansu ya ce a dakata, kuma da gaskiyarsa. Hanya ce ta cinye mu. Lesin a nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, malami ne zai zo ya same ku.

Rauni kuma, lesin ba ya targaɗa kowa, wannan a fili yake. A jimnastik wuyan hannu da idon sawu su suka fi shan wahala, musamman wuyan hannu tunda ƙashin yara bai gama ƙwari ba kuma a kansa ake ɗora nauyin jiki duka. In ta ce yana mata ciwo kwana da kwanaki kar ki ce raki ne, a huta a je asibiti. Duk kocin da kika ji yana yi wa yarinya 'yar shekara 7 maganar ƙiba ko rage cin abinci, ɗauke 'yarki ranar. Kuma kar a bar ta ita kaɗai da kowa a rufe, a Amurka likitan tawagar ƙasar ne da kansa, Lari Nasar, ya yi shekaru yana lalata da 'yan wasa kafin a yanke masa hukuncin ɗauri a kan haka a 2018. Wannan dokar har malamin lesin ta shafa, a falo za su zauna ƙofa a buɗe.

Na san za a tayar da maganar kaya, wata Hajiya ma ta taɓo ta a ƙasan tambayarki. Ba dole ba ne sai wannan matsattsen mai kama da na ninkaya, tawa dogon wando mai roba da riga mai hannu take sawa, a soke rigar cikin wando don kar ta kife mata a fuska, 'yan matan Jamus ma a Tokiyo da kaya mai rufe ƙafa har idon sawu suka fito. Hijabi mai yawo ne kawai da ɗan kunne da sarƙa za a cire, kar su maƙale.

In ni ce ke, tunda naku a cikin makaranta ne ba hanya ba gosulo, kuma bai ci lokacin islamiyya ba, jimnastik zan biya na zango ɗaya in gani, lissafin kuma minti ashirin bayan magariba ni ko babansu mu zauna da ita da wake ko murfin kwalba, lissafin aji biyu bai fi ƙarfinmu ba. Amma kafin ki biya ki karɓi takardar jarabawar ki duba da kanki. In kika ga tambayoyin farko ta ci na ƙarshe ne ta bari ba ta taɓa ba, gajiya da zama ce. In kuwa karanta tambayar ce ma ba ta iya ba, toh ki manta da duk abin da na faɗa a sama ki nemi malami, ki kuma sa a duba mata ido. Ranar da suke jimnastik ɗin kuma ki je ba tare da kin sanar ba, ki taka katifar da ƙafarki ki ji kaurinta, in siminti kike ji a ƙasa kar ki yarda, ki ƙirga yara nawa ne a hannun koci ɗaya. Ki kuma tambaye su ko suna ragi ga 'yan biyu, don namijin yana ganin ta fara zai ce shi ma sai ya je.