Sharhi kan manhajar CalculiX bayan na gwada ta a kan rumbun ƙarfe mai siririn bango

A ƙarshen daminar da ta wuce wani mai kiwon kaji a Bukuru ya kawo mini aikin zanen rumbun ƙarfe na ajiyar masara, mai faɗin mita 3, kuma saboda tsadar kaya ya nemi a yi bangon da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3. Ofishinmu na Jos ƙarami ne, ba mu da ƙarfin biyan lasisin manyan manhajojin lissafi, don haka na koma ga CalculiX, wadda injiniyoyi biyu masu aiki a Jamus, Guido Dhondt da Klaus Wittig, suka rubuta suka bar ta kyauta. Na haɗa ta da PrePoMax, wadda ta fito daga Jami'ar Maribor ta ƙasar Sloveniya, domin ita ke ba mutum damar zana abu ya gan shi a allo maimakon rubuta umarni layi bayan layi. Saka su a kwamfuta bai ba ni wahala ba, kuma tsohuwar kwamfutata ta ɗauke su ba tare da gardama ba.

Aikin irin wannan manhaja shi ne ta yayyanka abu zuwa ƙananan guntaye masu kama da raga, ta lissafa yadda kowane guntu zai motsa idan aka ɗora nauyi. Kafin in ba ta amanar rumbun, na jarraba ta da abin da zan iya lissafawa da biro da takarda, wato siririn ƙarfe mai tsawon mita 1, faɗin milimita 50, kaurin milimita 3, wanda aka kafe gefe ɗaya aka rataya masa nauyin niyuton 1 (kusan nauyin giram 100) a ɗaya gefen. Lissafin hannu ya nuna bakinsa zai sunkuya da milimita 14.8. Da na yi amfani da guntaye masu siffar bulo da ake kira C3D8, jeri ɗaya a cikin kaurin, amsar da ta fito ba ta kai milimita 1 ba.

Laifin nawa ne, kuma sanannen tarko ne ga masu wannan sana'a. Irin wannan guntu gefunansa miƙaƙƙu ne, ba ya iya lanƙwasa yadda siririn ƙarfe ke yi, sai ya ƙage, ya nuna ƙarfin da abin ba shi da shi, kuma ƙagewar tana ƙaruwa gwargwadon yadda tsawon guntun ya zarce kaurinsa. Abin tsoron shi ne kuskuren yana karkata ne zuwa ɓangaren da ke kwantar da hankali, domin hoton da ke allo yana fitowa da launuka masu kyau, babu wata alamar gargaɗi. Da na sauya zuwa S8R, guntun da aka tanada domin siraran abubuwa, amsar ta zo daidai da lissafin hannu har bambancin bai cancanci a ambata ba. Yana da kyau mai amfani ya san cewa CalculiX tana faɗaɗa irin waɗannan guntaye zuwa bulo a cikinta kafin ta yi lissafi, shi ya sa nakan ƙara duba wuraren da faranti biyu suka haɗu a kusurwa, kamar mahaɗar bango da murfi, ta hanyar ƙara yawan ragar har sai amsar ta daina sauyawa.

Inda na fi daɗewa shi ne batun lotsewar bango. Masarar da ke cikin rumbu tana gogar bango tana danna shi ƙasa, abin da wani injiniya mai suna Janssen ya bayyana tun 1895, kuma siririn bango yakan lotse tun kafin ƙarfensa ya kai iyakar juriyarsa. Tsohon lissafin littafi ya ce bangon namu zai lotse a kusan megafaskal 242 (megafaskal ma'aunin matsin da ke kan ƙarfe ne), manhajar kuma ta ba da adadi dab da wannan, wanda ya nuna ta yi aikinta daidai. Sai dai wannan adadi na rumbun da ba shi da tabo ne, mai cikakken da'ira, irin wanda babu mai walda a duniya da ya taɓa ƙerawa. Wani masani mai suna Koiter ya nuna a 1945, a binciken digirinsa a Delft ta ƙasar Holan, cewa ɗan karkacewa kaɗan yana zubar da ƙarfin irin wannan bango ƙwarai, kuma hukumar NASA ta Amurka ta fitar da ƙa'idar rage adadin a takardarta mai lamba SP-8007 a 1965. Idan aka bi wannan ƙa'ida ga bangon da rabin faɗinsa ya ninka kaurinsa sau 500, kamar namu, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ke saura, wato wajen megafaskal 78.

Da na nuna wa dattijon da zai yi mana waldar hoton da ke allo, ya dube shi da kyau ya ce, "Injiniya, wannan naka ai bai taɓa shiga injin naɗi ba." Ya nuna mini yadda faranti ke ɗan kumbura a gefen ɗinkin walda idan ya huce. Na koma na saka wa zanen karkacewa mai zurfin kaurin farantin, na sake lissafi da hanyar da ke ɗora nauyi kaɗan-kaɗan tana bin sauyin siffar abin, sai ƙarfin ya faɗo ƙasa da rabin adadin farko. Wannan lissafin ya ci lokaci, har sau biyu ɗaukewar wuta ta sa na fara daga tushe, amma shi ne ya sa na gamsu da manhajar, tunda ta iya nuna abin da gwajin masana ya daɗe da tabbatarwa.

Ina ba injiniyoyi da ɗaliban da suka riga suka iya lissafin hannu shawarar su yi amfani da ita, da sharaɗin su karanta littafin bayaninta, wanda yake da Turanci kuma yana buƙatar haƙuri. Wanda bai taɓa lissafa sunkuyawar ƙarfe da kansa ba, gara ya fara da wannan tukuna. A namu aikin, na shawo kan mai kajin muka ƙara kaurin zoben ƙasa na bangon zuwa milimita 5, muka sa ƙarafan tallafi a tsaye kewaye da bangon, kuma na rubuta a kan zanen cewa a auna kowane ɗinkin walda da miƙaƙƙen ma'auni kafin a zuba buhun farko.