Daga Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram: wace mota za ka shiga?

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Tashar Kuka ko ta Ƙofar Ruwa da jaka a kafaɗa ya san yadda 'yan kamasho ke yi wa mutum ca. "Alhaji, Nijar ne? Zo nan, mutum ɗaya ya rage!" Mutum ɗayan nan kuwa sai a kai azahar ana jiransa. Kafin ka saki jakarka a hannun kowa, gara ka riga ka yanke shawara tun daga gida, domin a cikin tasha hayaniya ce za ta yanke maka.

Tafiyar ba ta da wani tsawo. Daga Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, daga Katsina kuma zuwa Maraɗi wajen 90, a bi ta Jibiya a tsallaka zuwa Ɗan Isa. Damagaram, wadda takardu ke kira Zinder, tana wajen kilomita 240 daga Kano idan aka bi Dambatta da Kazaure da Daura, aka fita ta Kwangwalam, aka shiga Ɗan Barto da Matamaye. Da kwalta kaɗai ake lissafi, da wanda ya karya kumallo a Fagge zai yi azahar a can. Abin da ke cin ranar mutum shi ne jiran lodi, da shingayen hanya, da tsayuwar bakin iyaka. A nan ne zaɓin mota yake da tasiri.

Zaɓi na farko shi ne motar da za ta ɗauke ka daga Kano ta sauke ka a cikin Nijar ba tare da ka sauya ba. Yawanci Sharon ce ko Homa, kuma kuɗinta ya fi tsada. Abin da kake biya a gaskiya ba kujera ba ce, sanayyar direba ce. Mutum ne da ke bin hanyar mako-mako, ya san inda ake sauka a taka da ƙafa, ya san tagar da ake buga hatimi, ya san ofishin da zai nuna takardun motarsa, kuma yana jin 'yar Faransancin da ake bukata a ɗaya ɓangaren. Kayanka kuma sau ɗaya za a ɗaure su, sau ɗaya a kwance. Ga mai ɗauke da dilar atamfa daga Kantin Kwari, ko mai tafiya da tsohuwa da yara, wannan kaɗai ya isa hujja.

Amma tana da aibi babba, kuma ba kasafai 'yan kamasho ke faɗa ba: idan kun shiga mota ɗaya, matsalar mutum ɗaya ta zama ta kowa. Na taɓa shafe sama da awa biyu a gindin wata bishiyar dalbejiya a bakin iyaka, takarduna cif, ba ni da kaya sai ƙaramar jaka, saboda wani bawan Allah da ke bayanmu ya cusa katan-katan a ƙarƙashin kujera bai faɗa wa direba abin da ke ciki ba. Aka sauke komai, har da buhun garin wata dattijuwa. Ita dai tana zaune a kan ɗankwalinta da ta shimfiɗa, tana jan carbi, can ta dubi direban ta ce, "Ɗan nan, da ka tambaye shi tun a Kano ai da yanzu mun yi la'asar a gida." Ya ce, "Ki yi haƙuri Baba, wallahi cewa ya yi sabulu ne." Tun daga ranar, kafin in biya kuɗin mota sai na zagaya na leƙa but, na ɗaga kai na dubi abin da aka ɗaure a sama. Idan na ga kaya sun fi fasinja yawa, na san motar fatake ce, kuma tafiyarta tafiyar fatake ce.

Zaɓi na biyu shi ne ka yanka tafiyar gida-gida. Ka shiga motar Katsina daga Ƙofar Ruwa, ko ɗaya daga cikin motocin gwamnati irin su Kano Line da KTSTA ta jihar Katsina, ka sauka ka hau ta Jibiya, ka isa Magama inda shingen iyaka yake, ka tsallaka, ka sami motar Maraɗi a can. Na Damagaram kuma ya hau ta Daura, daga nan ƙaramar mota zuwa Kwangwalam. Motocin Katsina da na Daura ba sa daɗewa suna lodi, domin hanya ce mai jama'a, saboda haka wanda ya fito bayan asuba zai iya kaiwa iyaka alhali motar kai-tsaye ba ta ma tashi daga Kano ba. A bakin iyaka kuma kai kaɗai ne da takardarka, ba ka jiran kowa. Ni wannan na fi bi idan ba ni da kaya.

Sai dai a yi lissafi da kyau, domin arahar tana iya zama ta baki kawai. Kowace sauka da kuɗinta: ɗan dako, ɗan acaɓa daga wannan tasha zuwa waccan, kuɗin kaya da za a sake yanka maka a kowace mota. Idan ka tara su duka, wani lokaci ratar da ke tsakaninta da motar kai-tsaye ba ta wuce kuɗin abincin rana ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, don haka kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka bara. Ka je tasha kwana ɗaya kafin tafiya, ka tambayi mai rubuta sunayen fasinja, ba ɗan kamashon da ya tare ka a bakin ƙofa ba. Ka kuma tambaya a fili: kuɗin nan har da na kaya? Kuma a ina za a sauke ni, cikin gari ko bakin iyaka? An sha kiran mota "ta Maraɗi" alhali Magama ce iyakarta, sai direba ya haɗa ka da wani abokinsa a can.

Akwai kuma shata. Idan kun kai biyar ko shida, kamar masu zuwa ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, ku yi ciniki ku ɗauki mota guda. Abin dubawa ɗaya ne, motar da direbanta suna da takardun shiga Nijar ko a'a. Ba kowace motar haya ta Kano ce ke da su ba.

Hanya ta huɗu ba na ba kowa shawararta, amma dole a faɗe ta tun da za a yi maka tayinta. Kana sauka za ka ga 'yan acaɓa, a can kabu-kabu ake ce musu, suna cewa za su zagaya da kai ta daji, babu tambaya babu jira. Mutanen ƙauyukan wurin da gonakinsu ke ɓangarorin biyu haka suke zirga-zirgarsu tun kaka da kakanni. Kai baƙo daga Kano ba haka kake ba. Ka shiga ƙasar mutane babu hatimin shiga, shingen jandarma na farko da ke gaba zai tambaye ka shi. Ga kuma sha'anin tsaro, wanda ba sai an yi wa kowa bayanin halin da yankin Jibiya ya shiga a 'yan shekarun nan ba. Wannan ne ma ya sa wasu masu zuwa Maraɗi kan gwammace su fito da sassafe su tsallaka da rana tsaka, kuma duk hanyar da ka zaɓa kada ka yarda magariba ta riske ka tsakanin Katsina da iyaka.

Maganar takardu ta canza fiye da yadda mutane da yawa suka lura. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasa damar shiga maƙwabciya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Har yanzu ana shiga ana fita, sai dai sakacin da aka saba yi a da, na tafiya da katin makaranta ko da baki kawai, yanzu yana iya jawo a mayar da mutum. Fasfo mai sauran kwana shi ne abin da ba a musu a kansa. Ka haɗa da katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, wanda jami'an lafiya na kan iyaka ke tambaya. Allurar sau ɗaya ake yinta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shaidarta tana aiki har iya rayuwa. Wanda takardunsa suka cika, hanyar gida-gida ta fi masa sauri. Wanda kuwa bai taɓa zuwa ba, ko yake ɗar-ɗar, ya bi direban da ya san gari.

Ita kanta iyakar ba kullum take buɗe ba, kuma mutanen Kano sun ga haka sau biyu a kusa-kusa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka buɗe ta Maigatari da ke jihar Jigawa a Disambar 2020, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Saboda haka ka buga wa wanda za ka je wurinsa waya a daren da za ka tashi. Ka kuma kula da ranar kasuwa: Alhamis ta Maigatari ce, Lahadi ta Mai'aduwa da ke kusa da Kwangwalam, ranakun nan mota ba ta wuya amma cunkoso sai wanda ya gani. Mai son bi ta Maigatari, tashar Yankaba zai nufa ya hau motar Gumel.

Sai kuɗi. Ka canza sefa a Wapa kafin ka tashi, domin a nan kana da zaɓin 'yan canji da yawa, a bakin iyaka kuwa wanda ka samu shi ne. Ka nemi ƙananan takardu da 'yan silalla, kada ka tafi da 'yar dubu goma kaɗai ka ce za ka biya ɗan kabu-kabu da ita. Naira tana karɓuwa a garuruwan bakin iyaka, amma da ka yi nisa sai sefa. Kuma ka koyi ƙirgan can tun kafin a yi maka dariya. Da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. Zuwana na farko Maraɗi na sha shayi da burodi a bakin tasha, mai shayin ya ce dala ɗari. Na zaro kwabon da aka rubuta 100 na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi murmushi ya ce, "Malam, daga Kano kake ko? Wannan ai dala ashirin ce." Dala ɗari sefa 500 ce, sefa 1,000 kuma ita ce jika guda. Idan direban can ya ce maka jika biyu da rabi, 2,500 yake nufi.

A dawowa ne aka fi yin kuskuren kaya. Shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa haramun ne a wajen kwastan na Najeriya, kuma a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba Mali da Burkina Faso ba. Idan 'yan uwa suka haɗa maka tsaraba, ka karɓi kilishi da cuku da dabino, buhun gero kuwa ka yi godiya ka bar musu. Kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko da mai bayarwar ya kira ka da sunan mahaifinka.

Akwai masu cewa a jira jirgin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, an tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ka bi hanyar Daura za ka hangi aikin daga tagar mota. Ranar da ya fara ɗaukar fasinja lissafin nan duka zai sauya. Kafin nan, mai kaya da iyali ya nufi Tashar Kuka ya leƙa but kafin ya biya, mai jaka ɗaya da fasfo a aljihu kuma ya yi sammako zuwa Ƙofar Ruwa.